Tafkin Eyasi: Inda Baƙo Ke Bin Sawun Mafarauta da Maƙera

Mafi yawan baƙin da ke sauka Arusha da niyyar ganin namun dajin arewacin Tanzaniya hanya ɗaya suke bi. A fara da Tarangire saboda giwaye, a leƙa Manyara, a gangara ramin Ngorongoro, a ƙare a Serengeti. Mutum zai yi kwana biyar ko shida cikin mota mai buɗaɗɗen rufi, ba ya taka ƙasa sai a masauki. Amma kusa da garin Karatu akwai wata hanya da ta rabu da kwalta, ta yi kudu maso yamma cikin ƙura da tsakuwa, tafiyar kamar awa biyu idan ba damina ba. Wanda ya bi ta zai ɓulla Tafkin Eyasi. A can babu ƙofar gandun daji, babu garken zakuna da motoci ke yi wa zobe. Mutane ake zuwa gani, da irin sanin da suka yi wa daji da ƙarfe da ruwa. Wannan ne ya sa ziyarar ta fi sauran daɗi, kuma shi ne ya sa ta fi su nauyi a wuyan mai zuwa.

Shi tafkin kansa ba irin wanda ake shiga kwale-kwale a yi ta shawagi ba ne. Yana kwance a cikin babban kwarin nan da ya tsaga gabashin Afirka, a tsayin kusan mita 1,030 daga teku, kuma idan ya cika faɗinsa yakan kai murabba'in kilomita dubu ɗaya da wani abu. Kogin Sibiti na zuba masa ruwa daga kudu maso yamma, Baray daga arewa maso gabas, amma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Ruwan da ya shiga sai dai rana ta ɗauke shi, ta bar gishiri da kanwa. Saboda haka tafkin ba shi da zurfi, ruwansa na da zartsi, kuma da rani yakan janye ya bar fili fari fat mai tsagewa, har ido ya kasa gane inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara. Daga arewa dutsen Oldeani ya tsaya masa a kai. Daga yamma kuwa gangaren tudun Serengeti ne ya miƙe kamar garu. Baturen farko da ya iso nan shi ne Oscar Baumann, ɗan ƙasar Ostiriya, a 1892, ya tarar da wurin cike da mutanen da kakanninsu suka daɗe da saninsa.

Da wuya a sami wani yanki mai wannan ƙanƙanta a Afirka da ya tara harsuna mabambantan asali kamar gefen Eyasi. Akwai Datoga makiyaya, masu harshe ɗan uwan na mutanen kwarin Nilu. Akwai Sukuma da Isanzu masu harsunan Bantu. Akwai Iraqw manoma, waɗanda masana suka sa harshensu a babban gida ɗaya da Hausa da Larabci da Somaliyanci, ko da yake zumuncin ya yi nisa ƙwarai. Sai Hadza, ko Hadzabe, waɗanda harshensu mai ƙyasta harshe da dasashi bai da wani ɗan uwa da aka tabbatar a duniya. Su ne dalilin da ya sa yawancin motoci ke sauka daga Karatu.

Fita da asuba

Hadzabe ba su fi mutum 1,000 zuwa 1,300 ba, kuma a cikinsu 'yan ɗaruruwa ne kawai har yanzu mafi yawan abincinsu ke fitowa daga farauta da tsintar abin daji. Ba su noma, ba su kiwo, ba su da rumbu. Suna zama rukuni-rukuni na mutum ashirin zuwa talatin, cikin bukkokin ciyawa da mata ke ɗaurawa cikin 'yan sa'o'i, kuma ba su da sarki ko mai unguwa. Wanda ya ga zaman wani sansani bai yi masa ba sai ya ɗauki bakansa ya koma wani. James Woodburn, masanin Ingila da ya fara zama da su a ƙarshen shekarun 1950, ya bayyana tsarinsu da cewa abin da aka samu yau, yau ake cinye shi, kuma tare ake ci.

Baƙon da zai bi su farauta tun kafin alfijir yake tashi. Jagora, wanda galibi ɗan yankin ne mai jin Suwahili da Turanci da ɗan abin da ya samu na harshen Hadza, zai kai shi sansani yayin da maza ke zaune gefen wuta suna gyara kibau. Wutar ma abin kallo ce, domin da murza siririn itace tsakanin tafukan hannu a kan wani busasshen itace ake tayar da ita, cikin ƙasa da minti guda. Kibau kala-kala ne. Akwai mai kan itace don tsuntsaye da ƙananan dabbobi, akwai mai kan ƙarfe, akwai kuma mai dafi don manyan namu. Ɗaya daga cikin dafin daga ruwan itacen kariya ake dafa shi har ya yi kauri ya yi baƙi.

Da gari ya fara wayewa sai a tashi, kuma babu wanda zai jira baƙo. Tafiya ce ta sauri, wani lokaci gudu, cikin ƙaya da duwatsu, na awa biyu ko uku, karnuka na gaba. Abin da aka fi samu a kusa da ƙauyuka shi ne tsuntsaye, kurege, agwada, wata ƙaramar gada da ake kira dikdik, in an yi sa'a a sami bika. Wata rana a dawo hannu rabbana. Duk abin da aka harbo nan take ake hura wuta a babbake shi a raba. Wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar ganin jini gara ya san haka tun daga masauki, don ba wasan kwaikwayo ake yi da dabbar ba, karin kumallon mutane ce.

Abin da ya fi kibiya ban mamaki shi ne karatun ƙasa. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai dubi turɓaya ya faɗi dabbar da ta wuce, da lokacin da ta wuce, da ko tana ɗingishi. Wannan ilimi ba a littafi yake ba, kuma ba ya rayuwa idan babu dajin da za a yi aiki da shi.

Tsuntsun da ke kai mutum ga zuma

Idan akwai abu guda da ya isa a yi doguwar tafiya dominsa, to shi ne alaƙar Hadzabe da wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa-ƙasa da ke nuna musu inda ƙudan zuma suka yi gida. Mafarauci yana tafe yana wani irin fito mai daɗin ji. Tsuntsun, idan yana kusa kuma ya san wani kogon zuma, sai ya amsa da kuka, ya tashi daga wannan bishiya zuwa waccan yana jan mutumin, har ya kai shi gindin itacen, sannan ya sauya murya ya zauna. Sau da yawa itacen kuka ce. Mutumin zai fiƙe turaku, ya riƙa kafa su a jikin kukar yana takawa har ya kai sama, riƙe da bakin wuta mai hayaƙi don ya kwantar da ƙudan, ya faɗaɗa kogon da gatari ya ciro saƙar. Faɗowa daga kan kuka na cikin haɗurran da mazan Hadza suka fi fuskanta, amma zuma ce abincin da suka fi so a duniya, maza da mata da yara.

Tsuntsun ba na gida ba ne, ba wanda ya hore shi. Kakin zuma yake ci, kuma ba zai iya fasa kogon da kansa ba, shi ya sa yake neman mai gatari da wuta. Wani bincike da Brian Wood da abokan aikinsa suka buga a 2014 ya nuna cewa da taimakon tsuntsun mazan Hadza na samun gidajen zuma fiye da ninki biyar na abin da suke samu su kaɗai, kuma kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari na abincin al'ummar ta wannan hanya yake zuwa. Binciken ya kuma ga cewa Hadzabe sukan ɓoye kakin ko su binne shi, don kada tsuntsun ya ƙoshi ya daina jagora. A 2023 Wood da Claire Spottiswoode suka sake fitar da wani sakamako: tsuntsayen yankin Eyasi sun fi amsa fiton Hadza a kan kiran da mutanen Yao na Mozambik ke yi wa irin wannan tsuntsu, su kuma na Mozambik sun fi amsa kiran Yao. Wato tsuntsayen kowane yanki sun koyi kiran maƙwabtansu.

Ba kowane baƙo ke dacewa da ganin wannan ba. Ya danganta da lokacin shekara, domin zuma ta fi yawa bayan ruwa ya sauka itatuwa sun yi fure, ya kuma danganta da nisan da aka shiga daji. Ziyarar awa uku a gefen ƙauye ba kasafai take kaiwa nan ba.

Mata kuwa, waɗanda masu ɗaukar hoto suka fi yi wa gaggawa, su ne ginshiƙin ciki. Da tsinin sanda suke tono saiwoyi masu kama da rogo daga ƙarƙashin duwatsu, su tsinko 'ya'yan itatuwa, su tara 'ya'yan kuka su daka garin da ƙwallon a dama da ruwa. Nama yana zuwa yana ƙin zuwa, amma abin da mata suka kawo kullum yana nan. Ni a ganina baƙon da ya bi maza da safe bai zauna da mata da hantsi ba, rabin labarin ya ji. Irin wannan cimaka ce ta jawo likitoci da masana daga Turai da Amurka suka yi ta auna Hadzabe, daga ƙwayoyin halittar da ke cikin hanjinsu har zuwa barcinsu. Herman Pontzer ya ba duniya mamaki a 2012 da ya nuna cewa duk da tafiyar da suke sha, ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa a yini bai wuce na ma'aikacin ofis mai girman jiki irin nasu ba.

A maƙerar Datoga

Da rana ta take, yawancin jagorori sukan juya da baƙi zuwa gidajen Datoga. Makiyaya ne masu shanu da awaki da jakuna, waɗanda a da suke kiwo a tsaunukan Ngorongoro kafin Masai su ture su zuwa kudu a ƙarni na 19. Gidajensu gajeru ne, na itace da laka, masu shimfiɗaɗɗen rufi, an kewaye su da shingen ƙaya. Matansu na sa fatar da aka jeme aka yi wa ado da duwatsun wuya, da warwaron tagulla a hannu da wuya, wasu tsofaffin kuma na da tsagar da ta zagaye idanu. Baƙo zai shiga ɗaki, a ba shi dutsen niƙa ya gwada niƙa masara, a yi masa tambayoyi shi ma: mata nawa, 'ya'ya nawa, shanu nawa.

A cikin Datoga akwai zuriyar maƙera da suka daɗe suna aure a tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa zama a maƙerar kasuwar ƙauyenmu zai gane wurin nan take: ga zuga-zugin fata yaro na bugawa, ga gawayi ya yi ja, ga masaba da awartaki, sai dai a nan uwar maƙerar sau da yawa dutse ce ko wani guntun ƙarfen mota. Ba sa haƙo tama. Tsofaffin kwaɗuna da kawunan famfo da sauran tarkacen tagulla suke narkawa, su zuba a ɗan kwarami, ya huce su buge shi ya zama munduwa. Ƙusa mai inci shida kuwa, a gaban idonka za a buge ta, a fafe ta, a fitar mata da kunnuwa, ta zama kan kibiya cikin 'yan mintuna.

Kan kibiyar nan shi ya haɗa gidajen biyu. Tun da daɗewa Hadzabe ke karɓar kawunan kibau daga maƙeran Datoga su ba da zuma ko fata. Amma kada a ɗauka zaman lafiya ne zalla. Shanun Datoga na shan ruwan ramukan da namun daji ke sha, suna cinye ciyawar da ke riƙe dabbobin, su ma Datogan gonaki ne suka ture su daga inda suke. Kowa a nan wani ne ya matso shi.

Da la'asar sai a gangara bakin ruwa. A gefen arewa maso gabas akwai maɓuɓɓugai masu daɗin ruwa da suka raya kurmin goriba da manyan itatuwan ƙaya, kuma a nan ƙananan aku masu koren jiki da jan baki ke ta kai-kawo. Idan tafkin na da ruwa, filamingo kan sauka dubbai su mai da gaɓar ruwan hoda, ga kwasakwasa, ga shamuwa iri-iri. A shekarun da ruwa ya yi yawa masunta kan zo daga nesa su kafa bukkoki suna kama tarwaɗa da gaiwa, har dorina kan bayyana. Wanda ke son tarihi zai iya neman a kai shi kogon dutsen Mumba, inda Ludwig Kohl-Larsen da matarsa Margit suka yi tono a shekarun 1930, aka sami kayan aikin dutse na mutanen da suka zauna nan dubban shekaru masu yawa da suka wuce. Laetoli, inda tawagar Mary Leakey ta gano sawun ƙafa mai shekara miliyan 3.6 a 1978, tana can arewa da tafkin, ba nisa sosai.

Albasa, kuɗi da ƙasa

Kafin mutum ya kai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin da zai fara cika masa ido a Mang'ola, garin da ke kusa da tafkin, shi ne albasa. Ruwan maɓuɓɓugan nan ya mai da yankin ɗaya daga cikin manyan wuraren noman albasa na Tanzaniya, har akwai irin da ake kira da sunan garin. Manyan motoci na lodi zuwa Arusha da Darussalam da Kenya. Noman ya kawo arziki da makarantu da shaguna, ya kuma kawo dubban baƙin manoma da 'yan ƙwadago. Kowace sabuwar gona daji ce a da. Ƙiyasin da masu kare haƙƙin Hadzabe suka fi ambata shi ne cewa sun rasa kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙasarsu a cikin rabin ƙarni.

A nan ne maganar yawon buɗe ido take da kaifi biyu. A sansanonin da ke kusa da Mang'ola namun daji sun yi ƙaranci ƙwarai, har wasu iyalai sun fi dogara da kuɗin baƙi a kan baka. Suna zama kusa da hanya don mota ta same su, suna fita farauta ko da sun san babu abin harbi, don an biya. Al'ummar da ba ta saba ajiya ba, idan kuɗi ya shigo da safe, kafin dare ya ƙare, kuma masu sayar da giya sun san haka. Masu bincike da suka daɗe a yankin, ciki har da Frank Marlowe wanda ya fitar da littafi a kan Hadzabe a 2010, sun rubuta yadda shaye-shaye da rigingimun da ke biyo bayansa suka yi wa waɗannan sansanoni illa. Ga kuma rabon kuɗin: kamfanin da ya kawo baƙo ya ɗauka, mai masauki ya ɗauka, jagora da hukumar ƙauye su ɗauka, abin da ke isa hannun mai bakan shi ne mafi ƙanƙanta. Wannan abu yana ci mini rai, domin saboda shi aka yi tafiyar tun farko.

Duk da haka ban yarda da masu cewa a daina zuwa ba. An sha gwada raba Hadzabe da daji da sunan taimako. Turawan mulkin mallaka sun gwada zaunar da su wuri ɗaya a 1927 da 1939, gwamnatin Tanzaniya ta sake gwadawa a tsakiyar shekarun 1960 a Yaeda Chini, inda cututtuka suka kashe mutane da yawa, sauran suka koma daji. A 2007 an so a ba wani kamfanin farauta mai alaƙa da gidan sarautar Abu Dhabi wani babban yanki na kwarin Yaeda. Hadzabe suka ƙi, aka kama wasunsu, labari ya bazu a jaridun duniya, kamfanin ya janye. Da ba a san su a waje ba, da wuya a ji kukansu. Sanin da duniya ta yi musu, wanda baƙi na cikin masu yaɗa shi, ya zama musu garkuwa a ranar.

Abin da ya fi kowane kuɗin baƙo amfani ya zo a 2011. Da taimakon wata ƙungiyar cikin gida mai suna Ujamaa Community Resource Team, Hadzaben kwarin Yaeda, kudu maso gabas da tafkin, suka karɓi takardar mallakar gargajiya ta kusan hekta 20,000 da sunan al'umma gaba ɗaya, ba da sunan mutum ɗaya ba. Shi ne karo na farko da aka ba wata al'umma irin wannan takarda a Tanzaniya, kuma Edward Loure, wanda ya jagoranci ƙungiyar, ya sami lambar yabo ta Goldman a 2016 saboda wannan aiki. Da takarda a hannu sai suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Carbon Tanzania: su hana sare dajin, a auna iskar da itatuwan suka riƙe, a sayar wa kamfanonin waje, kuɗin ya dawo ƙauye. Da shi ake biyan matasan da ke sintiri a dajin, da kuɗin makarantar yara, da na asibiti, da sayen hatsi idan shekara ta yi tsanani. Aikin ya sami lambar Equator ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019, daga baya aka faɗaɗa shi ya haɗa da ƙauyukan Datoga.

Bambancin a fili yake ga mai ziyara. Inda aka tsare ƙasa, dabbobi na nan, zuma na nan, kuma farautar da baƙo zai bi da shi da babu shi za a yi ta. Sai dai Yaeda ta fi wuyar zuwa. Ana bukatar kwana biyu ko uku, da kwana a tanti, da kamfanin da ke da yarjejeniya da ƙauyukan, kuma mutanen wurin ne ke faɗin inda za a je da abin da ba za a ɗauki hotonsa ba. Akwai al'adun da ba na baƙo ba ne, kamar rawar epeme da ake yi a daren da babu wata, kuma bai kamata a nemi a shirya wa mutum ita don ya biya ba.

Wanda lokacinsa bai wuce kwana ɗaya ba, Mang'ola ce tasa, kuma a nan ma akwai abin da ke hannunsa. Ya tambayi kamfanin nawa ne ke isa sansanin, kuma hannun wa ake damƙawa. Ya sayi baka ko abin wuya ko munduwa kai tsaye daga wanda ya yi, ba tare da ya matse farashi ba. Ya nemi izini kafin ya ɗaga kyamara a fuskar mace ko yaro. Daga Yuni zuwa Oktoba hanya ta fi kyau kuma farauta ta fi sauƙin bi, don ciyawa ta kwanta. Tsuntsayen ruwa kuwa sai bayan ruwan Nuwamba ya fara taruwa, amma daga Maris zuwa Mayu laka kan hana ƙaramar mota sauka daga Karatu.